Ina so in gama da bashin da ake bi na a sabuwar shekara: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar gwamnati ne a cikin garin Sakkwato, ina da mata da 'ya'ya huɗu, albashina naira 135,000 ne a wata. Banki yana cire 38,000 kowane wata, saura wata 14. Manhajojin rance biyu na waya suna bi na 75,000, kuma duk wata sai na biya su ruwan 15,000 sannan in sake karɓar uwar kuɗin. Mai shagon unguwarmu yana bi na 62,000 na kayan abinci. Na riga na kwashi adashi, saura zubi biyar na 15,000. Yayan matata ya ranta mini 150,000 shekara biyu da suka wuce lokacin da ta haihu a asibiti, kuma bai taɓa tambaya ba. Ina da babur, da 'yar gona a ƙauyenmu, da tumaki biyu. Bara na yi niyyar biya, amma kafin babbar Sallah bashin ya ƙaru. Bana na ƙudurta gamawa da shi gaba ɗaya kafin Disamba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yaye maka, ya kuma ba ka ladan wannan niyya, domin ya tabbata a hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin biya, Allah zai biya masa. Zan amsa maka ne a matsayin wanda ya daɗe yana riƙe da littafin lissafin wata ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, inda takardun albashi irin naka suke yawan biyowa ta hannuna. Abin da ya shafi hukuncin shari'a kuwa, wanda ya shahara kawai zan taɓo, filla-fillarsa ka nemi malaman fiƙihu, waɗanda Birnin Shehu ba ya ƙarancinsu.

Abu na farko da ya kamata ka ji, ko da ba zai yi maka daɗi ba, shi ne ba za ka iya gamawa kafin Disamba ba, kuma ƙudurin da aka ɗaura a haka shi ne yake fara kayar da mai shi. Idan aka tara abin da ka lissafa, na banki naira 532,000 ne, na manhajoji 75,000, na adashi 75,000, na mai shago 62,000, na surukinka 150,000, jimilla 894,000. Albashinka na shekara ɗungurungum 1,620,000 ne. Ke nan kana neman ka fitar da fiye da rabin abin da kake samu, ka riƙe mutum shida da ragowar, bisa zaton cewa shekara za ta ƙare babu ciwo, babu rasuwa, babu baƙo. Wanda ya ɗora wa kansa irin wannan nauyi yakan ƙuntata wa iyalinsa a Janairu, ya ga kamar abin yana tafiya, sai buƙata ta farko mai ƙarfi ta zo ta same shi hannu rabbana, ya koma wurin wanda ya fi saurin ba da rance, wanda shi ne kuma ya fi tsada. Duk da haka lissafinka ba mai karya zuciya ba ne. Idan ka bi shi a tsanake kana iya wayar gari babu mai bin ka a cikin kimanin wata 15, kuma zuwa ƙarshen Disamban da ka ambata abin da zai rage ba zai kai kashi ɗaya cikin takwas na abin da ke kanka yau ba.

Duba yadda albashin yake rabuwa a yanzu. Banki 38,000, adashi 15,000, ruwan manhaja 15,000, sun zama 68,000, wato rabin albashi ya tafi tun ba a auno ko tiya ɗaya ta gero ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashenta na 5, ta iyakance abin da za a cire daga ladan leburan da ta shafa zuwa kashi ɗaya cikin uku a wata, kuma masu ba da rance na gaskiya sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin ma'auni ga kowane mai albashi. Kashi ɗaya cikin uku na albashinka 45,000 ne, kai kuwa ka zarce shi da 23,000. Abin da ya rage maka, 67,000, bai fi naira 2,200 da 'yan kai ba a rana, ga abinci, ga man babur, ga wuta, ga magani. Wannan ne ya sa littafin mai shago yake ta ƙara shafi.

Dalilin rushewar niyyar bara yana cikin tambayarka, inda ka ce kafin babbar Sallah bashin ya ƙaru. Ma'aikaci a ƙasar nan yana rayuwa ne a kan kalanda biyu: albashinsa yana bin ta Miladiyya, yana zuwa daidai wa daida kowane wata, manyan hidimomin gidansa kuwa suna bin ta Hijira da kuma yanayin damina da rani, suna zuwa ne a dunƙule. A 'yan shekarun nan azumi yana kamawa ne cikin watanni ukun farko na shekarar Miladiyya, yana kuma matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka mai ƙudurin Janairu bai gama zama ba hidimar sukari da geron kunu da kayan buɗa baki za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bayanta ga ɗinkin yara da zakkar fid da kai. Kimanin kwana 70 bayan ƙaramar Sallah ga layya. Ruwa yana sauka a wajajen Yuni, sai gona ta nemi taki da kuɗin 'yan ƙwadago. Yuli da Agusta su ne lokacin da hatsi yake tsada a kasuwa, kuma lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara. Satumba ta makaranta ce, da littattafai da kayan sawa. Da an yi kaka kuma sai bukukuwan aure su buɗe, kowanne da gudummawarsa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake zuwa bagatatan, amma yawancin masu ƙudurin biyan bashi suna raba bashin ne gida 12 kamar watannin duk ɗaya suke, su manta da su. Tsarin da bai ware wa azumi da Sallah da damina kasonsu ba tun daga farko, bashi ne zai cike masa gurbin idan sun zo. Saboda haka kafin ka rubuta wa kowa ranar biya, ɗauki takarda ka jera watannin, ka sa wa kowanne hidimar da ka san tana tafe da ƙiyasin kuɗinta. Ko daga Janairu ka fara ko daga Muharram, wannan takardar ita ce tushen aikin.

Sai kuma ka rufe ƙofar sabon bashi, kuma ina nufin kowane iri. A ƙarshen shekara da farkonta bankuna sukan aiko wa mai albashi saƙo cewa ya cancanci ƙarin rance, su biya ragowar tsohon su ba shi canji a hannu. Abin yana da ban sha'awa ga wanda ya matsu, domin zai share manhaja da shago da suruki a rana ɗaya. Sai dai wata 14 da suka rage maka za su koma shekara biyu ko uku, a sake lissafa ruwa da kuɗin hidima tun daga farko, kuma bashin mutanen da ba sa karɓar ruwa a hannunka ya koma bashi mai ruwa. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Haka nan kada ka tsaya wa kowa lamuni a wannan shekara, komai kusancinsa, domin wanda ya tsaya wa wani ya zama mai biya ranar da wancan ya gaza.

Masana harkar kuɗi suna da hanyoyi biyu na jera bashi: wasu su ce a fara da mafi ƙanƙanta domin zuciya ta samu ƙarfi, wasu su ce a fara da mafi tsadar ruwa domin a rage asara. A wurinka duka biyun sun kusa haɗuwa a wuri ɗaya, wato manhajojin nan. Ruwan 15,000 a kan 75,000 kashi 20 cikin 100 ne a wata. A shekara ka ba su 180,000, fiye da albashinka na wata guda, fiye da dukan abin da surukinka yake bin ka, kuma uwar kuɗin tana nan ko kwabo bai ragu ba. Ga shi kuma ita ce ribar da Alƙur'ani ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, fita daga cikinta da gaggawa tuba ce kuma tattali ne. Ba a biyan irin wannan bashi da kaɗan-kaɗan, domin an gina shi ne yadda kaɗan-kaɗan ɗin ba zai taɓa cim masa ba. Dole ne a nemo kuɗin a dunƙule a rufe shi cikin Janairu.

A nan ne tumakinka suke da amfani. Na san za ka ce gara a jira kusan layya lokacin da dabba take daraja, kuma gaskiya ne farashi yana ɗagawa a lokacin, musamman na raguna. Amma jiran wata huɗu yana cin 60,000 na ruwa, ban da dusa da harawa, kuma da wuya ƙarin farashin tunkiya biyu ya rufe wannan. Kai su kasuwar dabbobi ta Kara, ko kasuwar Achida idan ta fi maka kusa, ka tafi da wanda ya san ciniki. Idan kuɗinsu bai kai ba, rufe manhajar da ta fi tsada, ka cika ta biyun da albashin Janairu ko da rance marar ruwa daga ƙungiyar ma'aikatanku idan tana bayarwa, wanda shi kaɗai ne togaciyar da zan yi wa maganar rufe ƙofa. Babur kuwa kada ka taɓa shi, domin kuɗin kabu-kabu zuwa makaranta da dawowa zai cinye abin da ka samu cikin 'yan watanni. Gona ma kada ka sayar, kada kuma ka jinginar. Da zarar ka biya, adana saƙon shaidar biya, sannan ka goge manhajojin daga wayarka, domin muddin suna nan ranar matsuwa hannu zai kai gare su.

Idan kafin ka gama suka fara aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, ka sani doka ba ta ba su wannan dama ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista tun 2022, tana kuma karɓar koke a kansu. Kamfanin Google ma tun ƙarshen Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutum. Barazanar kama ka da 'yan sanda ma yawanci tsoratarwa ce, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Wannan duk kariya ce ga mutuncinka, amma ba ta sauke maka abin da ka karɓa ba.

Na banki da na adashi ba su buƙatar dogon bayani: bar su su ci gaba a kan hanyarsu. Kada ka yi dabarar karkatar da albashi zuwa wani banki, domin tun 1 ga Agusta, 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka idan ka daina biya, ga kuma sunanka da zai ɓaci a wurin kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi. Abin da ya dace shi ne ka je reshenku ka nemi a buga maka jadawalin rancen, ka ga nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, kuma a wane wata ne cirewa za ta tsaya. Adashi kuwa amana ce ta mutanen da suka zuba maka ka kwasa, wasunsu sun ɗaura aure ko kuɗin haya a kan ranar kwasarsu. Zai ƙare a Mayu. Idan uwar adashi ta kafa sabon zagaye, ka ba ta haƙuri bana.

Mai shago shi ne na biyu bayan manhaja, kuma dalilina ba na ruwa ba ne, tunda ba ya karɓa. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa yana rayuwa ne da juyawa. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya, farashi ya yi ta hawa har hauhawarsa ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan yanayi, buhun shinkafar da ya ba ka bashi, kuɗin da za ka mayar masa bayan wata shida ba lallai ne su sayo masa wani buhun a Tsohuwar Kasuwa ba. Kowane jinkiri daga aljihunsa yake fita. Je ka same shi a lokacin da babu jama'a, ku buɗe littafin tare ku daidaita adadin, kowa ya riƙe kwafi. Faɗa masa cewa daga yau da kuɗi hannu za ka riƙa saye, kuma a wurinsa za ka ci gaba da saye, sannan ka ambata masa watan da za ka fara rage tsohon da abin da za ka riƙa kawowa ranar albashi. Abin da yake ƙona wa 'yan kasuwa rai shi ne su ga wanda suke bi ya sauya hanya, yana kai kuɗinsa wani shago.

Bashin surukinka shi ne wanda na fi jiye maka tsoro, saboda shirun da ya yi. Kunya ce da zumunci suka rufe masa baki, kuma mai yiwuwa ne yana kallon ƙanwarsa yana haɗiye maganar. Irin wannan bashi ne ake ta turawa baya har ya shekara biyar, ya zama abin da ake ambata a gefe ranar da wani saɓani ya taso tsakaninka da matarka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kai yanzu ba mai hali ba ne, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma saurarawar ana neman ta ne da baki, ba a ɗauke ta da shiru. Taka ka je gidansa cikin watan nan, ba ta waya ba. Ka ambaci adadin da kanka, ka gode masa, ka gaya masa watan da za ka fara kawowa, kuma ka nemi a rubuta a gaban shaidu biyu. Idan ya ce haba, ai mun wuce haka, tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a wannan sura, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana. Idan ya ga dama ya yafe wani kaso don kansa, karɓa babu laifi. Annabi da kansa ya yi wa Ka'abu ɗan Malik nuni ya sauke rabin abin da yake bin Ibn Abi Hadrad, sannan ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Amma kada ka je da nufin roƙon yafiya, ka je da jadawalin biya.

Ga yadda lissafin zai kasance idan manhajoji suka rufu a Janairu. Daga Fabrairu 15,000 da suke ci ta dawo hannunka. Ta wata biyun da azumi da ƙaramar Sallah suka faɗa a ciki, 30,000 ke nan, ka bar wa gida, kuma kada ka ɗauke ta a matsayin kuskure wa ƙudurinka, domin ita ce za ta hana ka komawa rance. Sauran wata tara sun ba ka 135,000. Daga Yuni kuɗin adashi ma sun dawo, wata bakwai, 105,000. Jimilla 240,000. Ware 60,000 don taki da komawar yara makaranta, saura 180,000. Mai shago ya karɓi 62,000 ɗinsa tukuna, surukinka ya samu 118,000 kafin ƙarshen shekara. Ranar 31 ga Disamba abin da ke kanka zai zama 76,000 na banki, wato cirewa biyu, da 32,000 na suruki, 108,000 ke nan daga 894,000. Kafin ƙarshen Maris na shekara mai zuwa duka sun ƙare, albashinka ya dawo maka cikakke.

Wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya mai wuya, wato gidan ya tsaya a kan 67,000 ɗin nan ba tare da littafin shago ba. Ba za ka san ko zai yiwu ba sai ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka na tsawon kwana 30, har da kati da data da shayi da naman yamma da 'yan ɗari biyar-biyar da ake miƙawa a hanya. Idan rubutun ya nuna akwai giɓin da ba ya rufuwa, ƙara watanni a kan jadawalin, ka sanar da masu bin ka sabon lokacin. Wata 18 da aka cika sun fi 15 da aka saɓa. Kuma ba za ka iya wannan aiki a ɓoye ba. Uwargida ita ce take riƙe da tukunya, ita ce ake kawo wa anko da katin biki, kuma bashi mafi nauyi a zuciya na yayanta ne. Magidanta da yawa suna ɓoye wa matansu adadin bashi don gudun raini, sai matar ta ci gaba da tsara hidima a kan albashin da take zaton yana nan. Zauna da ita ka nuna mata takardar gaba ɗaya, ku yanke tare bikin da za a je da gudummawa da wanda za a je da addu'a.

Layya tana buƙatar magana ta daban, tunda a nan ne ka faɗi bara. A mazhabar Malikiyya da muke bi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba za su takura shi ba, biyan bashin da lokacinsa ya yi kuwa wajibi ne. Wanda ya ci bashi mai ruwa ya sayi rago don kada maƙwabta su ga ƙofarsa babu hayaƙi ya juya tsarin. Idan damuwar ita ce yara su ci nama, shiga watanda da abokan aiki ya wadatar da ɗan abin da ka ware, shekara ɗaya ce. Hatsin gonarka ma kada ka kai shi kasuwa da kaka lokacin da yake araha don rage bashi, ka dawo kana awo da tsada a Agusta. Ajiye shi ya zama cimar gida, shi ne zai sa 67,000 ta isa.

Game da neman ƙari, noma shi ne sana'ar da kundin tsarin mulki ya bar wa ma'aikacin gwamnati a fili, kuma idan ƙauyenku yana da fadama kamar yankunan Kware da Wurno da Goronyo, noman rani na albasa ko tafarnuwa tare da ɗan'uwa yana iya kawo wani abu, muddin ba da rance za a shiga ba. Duk abin da ya shigo ba daga albashi ba, ko bashin ƙarin girma ne da aka biya, ko alawus na wani aiki, ka miƙa shi ga wanda ke kan layi a ranar, kafin ya kwana. Abin da zan hana ka da babbar murya shi ne cacar ƙwallo da kamfanonin da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Masu bashi ne abincinsu, kuma waɗanda MMM ta rufe wa asusu a Disamban 2016 da yawansu da kuɗin aro suka shiga.

Kada kuma ka ji kunyar zakka idan abin ya faskara. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin mutum takwas da ake ba wa, kuma malamai sun yi bayanin cewa ana nufin wanda ya ci bashin don buƙata ta halal, irin ta asibiti da abinci, ya kuma rasa abin biya. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kana iya kai bayaninka ta hannun limamin unguwa ko hakimi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ka sani cewa a Malikiyya bashi yana sauke zakkar tsabar kuɗi amma ba ya sauke ta amfanin gona da ta dabbobi, don haka idan geronka ya kai nisabi, wato wusuƙi 5 (sa'i 300), za ka fitar duk da ana bin ka.

Za a samu watan da abin zai ƙi, wataƙila ciwo, wataƙila jinkirin albashi. Idan ya zo, riga mai bin ka magana tun kafin ranar, ka kai masa ko da rabi, ka ci gaba daga inda ka tsaya a wata mai zuwa. Wata ɗaya da ya kuɓuce ba ya rusa sauran. Takardar da ke ɗauke da sunayen masu bin ka da adadin kowa ta kasance a wurin da uwargida da wani ɗan'uwanka suka sani, kana gyara ta duk lokacin da ka biya wani abu, domin ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun gabatar da bashi a kan rabon magada, kuma magada ba za su biya abin da ba su sani ba. Duk biyan da ka yi ta banki ka adana shaidarsa, wanda ka yi hannu da hannu kuma a rubuta a sa hannu. Idan cirewar banki ta ƙarshe ta fita, kada ka tsaya a kan ganin albashi ya cika: nemi takardar da ke tabbatar da cewa ba sa bin ka komai, sannan ka nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, wanda dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara, ka tabbatar an nuna rancen bankin da na manhajojin a matsayin waɗanda aka rufe.